Korona a Kano, 2020. Za a buɗe makarantun gwamnati ranar 12 ga Oktoba: mu saki yaran ko mu dakata?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gwamnatin Kano ta sa ranar komawa makaranta bayan rufewar da aka yi saboda cutar korona: 'yan kwana Lahadi 11 ga Oktoba, 'yan jeka-ka-dawo Litinin 12. A firamare an ce 'yan aji 1 da 2 su riƙa zuwa Litinin da Talata, 'yan aji 3, 4 da 5 kuma Laraba zuwa Juma'a. 'Yan JSS1 da SS1 za su ƙara mako biyar a gida. Masu sani a zauren nan, wannan rabon ya isa? Ajin da ke da yara ɗari, ko an raba kwanaki ai yana nan da ɗarinsa. Me ya kamata iyaye su duba kafin su saki yaro?

Malam Hedimasta: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rabon kwanaki ba yara yake ragewa ba, ɗakuna yake sakewa. Ranar Litinin 'yan aji 3 zuwa 5 suna gida, ɗakunansu babu kowa, to manufar ita ce a baza 'yan aji 1 da 2 a cikinsu. Duk makarantar da ta bar su cunkushe a ɗakinsu na da, ta rufe sauran da kwaɗo, ba ta yi komai ba.

Ga lissafin. Ɗakin ajin firamare kusan mita 7 ne a faɗi, mita 8 a tsawo. A cire mita 2 na gaban allo inda malami ke tsayawa, saura mita 6. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a watan Yuli sun ce tazarar mita 2 tsakanin yara: layi huɗu ke nan, kowane layi yara huɗu, 16 gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita 1. Da irin bencinmu mai haɗe da tebur, yaro ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, ɗakin zai ɗauki 30 zuwa 36. Mita 2 ba mai yiwuwa ba ce a yawancin makarantun cikin birni, gara mu faɗa wa juna gaskiya mu nemi mita 1 ɗin.

A ɗauki makaranta mai ɗakuna 12, kowane aji ɗaki biyu, kowane ɗaki yara 100. Litinin da Talata yara 400 ne a ɗakuna 12, kusan 33 a kowanne. Wannan ya zauna. Laraba zuwa Juma'a yara 600 ne, 50 a ɗaki, kuma wannan ma sai in ɗakunan 'yan aji 6 a sake suke. Bai zauna ba. Dole a fitar da kusan 170 zuwa inuwar bishiya ko rumfa.

Sai matsalar da ba a cika faɗa ba: rukuni 12 malamai 12 yake buƙata a kowace rana. Ke nan malamin aji 5 zai koyar da 'yan aji 1 ranar Litinin. In hedimasta bai sake tsara jadawali ba, za a baza yara a ɗakunan da babu malami, kafin ƙarfe goma sun haɗe wuri ɗaya suna kokawa.

Baban Sadik: Malam, da girmanka, ni ban ga abin tsoro ba. A je Kantin Kwari, a je Singa, a je Sabon Gari, mutane kafaɗa da kafaɗa. An buɗe masallatai tuntuni. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma tun cikin watan Agusta, sun fara WAEC 17 ga wata sun gama. Yaran nan da ake cewa a tsare, ba a ɗaki suke ba, suna layi suna ƙwallo. Tun 23 ga Maris suke gida, sama da wata shida. Wace koronar ce ta san ƙofar makaranta ba ta san ta kasuwa ba?

Sista: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Yara ƙanana yawanci cutar ba ta yi musu tsanani, da yawa ma ba sa nuna alama ko ɗaya. Amma wannan shi ne abin damuwar. Yaron da ke ɗauke da ita bai sani ba, ya dawo gida ya faɗa jikin kakarsa mai hawan jini da ciwon suga. Mu tuna abin da ya faru a nan cikin Afrilu. Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya faɗa a watan Yuni cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa da hannun korona a ciki, kuma mafi yawansu dattawa ne.

Bambancin kasuwa da aji kuwa abu uku ne: iska, daɗewa, da fuskoki. A layin kasuwa iska na kaɗawa, ka wuce mutum cikin minti ɗaya. A aji yara ne a rufaffen wuri awa huɗu ko biyar, suna bita da ƙarfi, mutanen jiya su ne na yau. Ƙwayar tana fita da numfashi, da magana, da tari, da atishawa, tana taruwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ni ba cewa nake kada a buɗe ba. A buɗe, amma a san inda haɗarin yake.

Baban Sadik: To ai an ce za a yi feshi a makarantu. Shi ke nan ba.

Duba-gari: Ranka ya daɗe, feshin nan shi ne abin da aka fi ɗaukar hotonsa, kuma shi ya fi ƙarancin amfani a kan korona. Ɗakin da ya yi wata shida a rufe babu ƙwayar korona mai rai a cikinsa. A kan tebur ko ƙarfe kwanaki kaɗan take yi. Ranar da yara suka shigo take shigowa, a cikin numfashinsu, kuma feshin makon jiya ba zai tare ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce tun watan Mayu ba ta goyon bayan fesa sinadari a ɗakuna da tituna saboda korona, balle fesa wa mutum a jiki, wanda ke ƙona ido ya tayar da asma.

Abin da ɗakin da ya yi damina a rufe yake buƙata daban ne. A sare ciyawa saboda maciji da kunama. A leƙa silin, jemagu da ɓeraye sun yi gida. A duba kwanon da iska ta yaye da bangon da ruwa ya ci. A yashe masai. In za a yi feshi, na sauro da ƙwari ne, kuma a yi shi kwana biyu ko uku kafin yara su shiga.

Goge-goge kuwa yana da amfani, kuma ga yadda ake haɗa ruwansa. A duba jikin kwalbar bilic, irin su Jik ko Hypo, a ga ƙarfinsa. In an rubuta 3.5%, awo ɗaya na bilic a awo 34 na ruwa shi ke ba da 0.1%, wanda ake goge tebur, mariƙin ƙofa da kan famfo da shi. A bokiti mai lita 10, kusan mililita 300 ke nan. In garin kulorin ne mai ƙarfin 70%, giram 15, wato babban cokali ɗaya cike, a lita 10. Inda aka yi amai ko jini ya zuba, ana son 0.5%: awo ɗaya a awo 6 na ruwa.

Inda ake kuskure: a zuba shi a kan datti. Datti yana kashe ƙarfin kulorin, sai an fara wankewa da omo. A goge nan take a bushe, alhali yana buƙatar aƙalla minti ɗaya a jiƙe. A haɗa da yawa a ajiye a rana har mako, alhali kullum ake haɗa sabo. Mafi muni, a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki don wai ya ƙara ƙarfi. Hayaƙin da ke tashi yana iya kwantar da mutum a asibiti. Kuma kada a ba wa monita ko 'yan shara yara wannan aiki, na babba ne.

Maman Ummi: Allah ya saka, Malam Duba-gari. Amma ni ruwan ma shi ne tambayata. Makarantu nawa ne famfonsu ke kawowa?

Injiniya: Yaya, nan ne maganar take. Bokiti biyu masu famfo a bakin ƙofa, waɗanda ake nunawa a talabijin, ga abin da suke iya yi. Wanke hannu ɗaya, daga jiƙawa, zuwa cuɗa sabulu na daƙiƙa 20, zuwa ɗauraya, kusan daƙiƙa 40 ne. Yara 500 a bokiti biyu, 250 a kowanne, ya kusa awa uku kafin na ƙarshe ya wanke. Abin da zai faru shi ne layi mai turereniya a ƙofa, wanda ya fi rashin wankewar muni, sai rana ta uku a daina. A ƙofar kowane aji ya kamata a sa wurin wanki, guda biyu. Yara 35 a wuri biyu, minti 12 sun gama.

Yawan ruwa: bokiti mai famfo yana cin kusan rabin lita a wanki ɗaya, in yaro bai bar shi yana zuba ba. Yara 600, sau uku a rana, wato da isowa, bayan banɗaki, da kafin cin abincin tara, lita 900 ke nan, jarka 36 mai lita 25. Ba a sa na sha da na buta ba. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na makarantu shi ne lita 5 ga kowane mutum a rana a jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Kowa ya tambayi 'yan garuwa na unguwarsu nawa ne kura, ya ninka da kwana biyar.

Abin da ke rage wannan shi ne galan mai rataye. Ana samun galan mai lita 4 ko 5 mai mariƙi. A gasa ƙusa a huda shi a kafaɗa, ƙasa da murfi da kamar yatsa uku. A kafa sanduna biyu masu gwafa, tsayin ƙirjin yaro, a gitta ta uku ta cikin mariƙin galan. A ɗaura igiya a wuyan galan, ɗaya ƙarshen a jikin sandar da ke kwance a ƙasa. Yaro ya taka, galan ya sunkuyo, ruwa ya tsiyayo siriri, babu mai taɓa komai da hannu. Ruwan da yake ci bai kai rabin na bokiti ba.

Abubuwan da ke lalata shi: huda ta yi faɗi, ruwa ya ƙare kafin tara. A ɗaure murfi tam, iska ta kasa shiga, ruwa ya ƙi fita, don haka a ɗan sassauta shi. A manta da haƙa rami a ƙasa, zurfin kamu biyu, a cika da tsakuwa, sai wurin ya zama taɓo da gidan sauro. Sai igiya, wadda yara ke tsinkawa a makon farko, a ajiye ta canji.

Sabulun sanda kuwa tafiya yake yi, ko akuya ta ci. A zuba omo giram 30 a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a huda murfin, a rataye kusa da galan. Ba mai sha'awar sace ruwan omo.

Baban Sadik: Me zai hana a saya wa kowane yaro sanitaiza a huta da wannan hidima?

Sista: Sai tana da sinadarin alkohol aƙalla kashi 60 cikin 100 take aiki, kuma kasuwa ta cika da jabu, a duba lambar NAFDAC. Ba ta aiki a hannun da ke da ƙasa ko maiƙo, hannun ɗan firamare kuwa kun san shi. Tana kama wuta. Ƙananan yara suna lasa, suna shafa wa juna a ido. A bar ta a teburin malami. Ruwa da sabulu sun fi ta arha, sun kuma fi ta amfani a kan gudawa da kwalara, waɗanda su ma ta hannu suke bi.

Tun da an zo nan, randar aji mai moɗa ɗaya ta tafi hutu. Kowane yaro da gorarsa daga gida. Butocin banɗaki a riƙa wanke mariƙinsu.

Anti Tela: Bari in sa baki kan takunkumi, don abin da ake sayarwa a bakin titi da yawa falle ɗaya ne na yadi mai roba. A ɗaga shi a rana, in ana hango haske tsakanin zaren, ado ne kawai. Falle uku ake so: na ciki auduga mai tsotse gumi, na tsakiya irin farin yadin nan mara saƙa da muke sawa a kwala, na waje yadi mai santsi da ba ya shan ruwa. Na ɗan firamare a yanka kamar inci 7 da rabi a faɗi, inci 5 a tsawo, a yi masa tattara biyu ko uku don ya buɗe ya rufe daga karan hanci zuwa haɓa. Robar kunne in ta matse, yaro zai sauke shi wuya kafin a gama darasin farko. Ga 'yan mata masu hijabi, igiyar ɗaurewa ta baya ta fi, a ɗaura ta kan hijabin. Shi kansa hijabi ko niƙabi falle ɗaya ba ya maye gurbinsa.

Kowane yaro biyu aƙalla, ɗaya a fuska ɗaya a igiyar shanya. A wanke kullum da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. A rubuta suna a jiki, don yara musanya suke yi in na wani ya fi kyau.

Sista: Na gode Anti. Ƙari ɗaya: shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Agusta ita ce ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kada a sa masa. Daga 6 zuwa 11 ya danganta da yaɗuwar cutar a wurin da kuma ko akwai babba mai lura. Daga 12 zuwa sama kamar manya. Kada a sa yaro gudu ko ƙwallo da shi, kuma in ya jiƙe a canza. Mai asma a tambayi likita.

Waɗanda suka fi buƙatarsa malamai ne. Ɗakin malamai, inda ake cire takunkumi a ci abinci kwano ɗaya a yi hira, ya fi kowane aji haɗari. Malamin da ya manyanta, ko mai ciwon suga, a ba shi rukunin da ke waje a inuwa.

Malama Metiron: Duk kuna maganar jeka-ka-dawo. Na kwana su ne za su fara shiga, kuma nasu ya fi wuya. Ɗakin kwana awa takwas ne na numfashi ɗaya, da daddare, tagogi a rufe saboda sauro da tsoro. Dalilin riƙe 'yan JSS1 da SS1 a gida ke nan, don a sami gadaje. To a yi amfani da sararin, kada a kulle ɗakunansu. Tsakanin gado da gado aƙalla mita 1. A gado mai hawa biyu, ta sama kanta gabas, ta ƙasa kanta yamma, haka ma gadajen da ke maƙwabtaka. A gyara ragar taga don a iya barin ta buɗe. Raga ta yage shi ke sa a rufe taga, don haka kafinta ya fi mai feshi amfani a nan.

Mako biyun farko su ne ma'auni, saboda cutar tana iya ɗaukar kwana 14 kafin ta bayyana, ko da yake yawanci biyar ko shida ne. A wannan lokacin kowane ɗaki ya zama rukuni guda: su ci abinci tare, su yi sallah tare, su ɗebi ruwa lokaci ɗaya, ba tare da cakuɗa da wani ɗaki ba. Ɗakin cin abinci a shiga kashi biyu ko uku. A dakatar da ranar ziyara, saƙo a ajiye a ƙofa.

Iyaye, abin da za ku sa a akwati: takunkumi huɗu ko biyar, bokiti da buta da kofi da cokali nata na kanta, gidan sauro, sabulu mai isa. Kuma in yarinya tana zazzaɓi ranar Lahadi, kada a ba ta farasitamol a sako ta mota don kada ta rasa gado. Maganin zai ɓoye zafin a ƙofa, ya dawo da daddare a tsakiyar mutum arba'in.

Maman Ummi: Wannan ya kawo ni kan abin auna zafin da ake nuna wa yara a goshi. Wasu na cewa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Sista: Ba ya harba komai, Hajiya. Zafin da fata ke fitarwa yake karantawa, jan hasken da wasu ke da shi na saiti ne. Illarsa ɗaya ce, sa mutane su saki jiki. Yaron da ya taho a rana zai nuna zafi alhali lafiyarsa ƙalau, a zaunar da shi a inuwa minti goma a sake aunawa. Goshi mai gumi yana nuna ƙasa da gaskiya. In batir ya yi sanyi, ko an riƙe shi nesa da abin da takardarsa ta ce, lambar banza yake bayarwa. Duk wanda aka ga yana nuna 33 ko 34 ga kowa, a san ya lalace. Kuma ba ya kama yaron da ba shi da alama.

Abin da ya fi shi shi ne tambayar uwa da safe: akwai zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano? In akwai, ya zauna gida.

Yanzu ƙarshen damina ne, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yawancin zazzaɓin da za a gani nasa ne. Matakan su ne: zafi ya kai 38, a sa wa yaro takunkumi, a kai shi ɗaki ko inuwar da aka ware, babba ɗaya ya zauna da shi nesa kaɗan, a kira iyaye, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a yi gwajin maleriya na yatsa, wanda minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. In ya nuna, a ba da magani cikakke na kwana uku. Amma samun maleriya ba ya kore korona, ana iya haɗa biyun. In akwai tari da wahalar numfashi, ko yara uku huɗu daga benci ɗaya sun kwanta a mako guda, ko malami ya kwanta, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da shi, lambarsa ta kasance a bangon ofishin hedimasta.

Malam Hedimasta: Shi ya sa kowane yaro zai sami wurin zama ɗaya da ba ya canzawa, a zana a takarda. In an tabbatar da cutar a jikin yaro, takardar ce za ta nuna waɗanda za su killace kansu kwana 14. Babu ita, sai a rufe makarantar gaba ɗaya. Asambuli na safe a soke shi, sanarwa ta bi aji-aji. Tara a fita kashi-kashi, tashi ma haka, minti goma tsakani, don cunkoson ƙofa da na masu tallan awara da alawa yana rushe duk tazarar da aka yi a ciki.

Wasu suna cewa a yi 'yan safe da 'yan yamma. Yana cikin zaɓin da Tarayya ta bayar, amma a nan yana karo da Islamiyya, ga zafin kwano da azahar, ga malami ɗaya da zai yi aikin biyu.

Baban Sadik: To duk wannan omo da ruwa da galan, aljihun wa? An ce ilimi kyauta ne kuma dole tun bara.

Malam Hedimasta: Tambayar da ta fi kowace ke nan, Alhaji. Hedimasta ba shi da ikon ɗora wa iyaye haraji. Kayan da ake rabowa daga sama kuwa, bokiti da ma'aunin zafi, sau ɗaya ake ba da su, omo da ruwa kullum suke ƙarewa. Hanyar da ta rage ita ce kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa, liman, iyaye mata da tsofaffin ɗalibai. Su karɓi gudummawar kaya, galan, omo, kurar ruwa, a rubuta a littafi, su kuma kai buƙata a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan zaman kafin Litinin ya kamata a yi shi.

Malama Metiron: Kuma a ƙirga waɗanda ba su dawo ba. A Saliyo, da aka rufe makarantu kusan wata tara saboda Ebola a 2014 zuwa 2015, 'yan mata da yawa ba su koma ba. A nan ma cikin wata shidan nan an sa wa wasu rana, wasu sun kama talla, maza sun shiga gareji da kasuwa sun ɗanɗana kuɗi. Tun kafin korona UNICEF na cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya. A ɗauko rajistar watan Maris a gwada da ta mako na biyu, duk sunan da babu, iyaye mata na kwamiti su je gidan. In an bari zango ya ƙare, an rasa yarinyar.

Malam Hedimasta: Waɗanda suka dawo ma kada a ɗora daga inda aka tsaya. Darussan rediyo ba kowane gida suka shiga ba. Makon farko a gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyu: haruffa, kalma, jimla, sai ƙidaya da tarawa. Tun da dole a raba aji kashi uku, a raba shi bisa abin da suka iya.

Maman Ummi: To ni abin da na ɗauka, zan je makarantar kafin Litinin in gani da idona. Injiniya, saura tambaya ɗaya. Hunturu na tafe, yara za su ce sanyi da ƙura, a rufe tagogi. Yaya za a yi?

Injiniya: Kada a rufe duka, Yaya. Iska sai ta sami mashiga da mafita a bango biyu masu kallon juna take ratsa ɗaki, taga ɗaya a buɗe ba ta wadatar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tagogin wannan ɓangaren a bar su kamar faɗin tafin hannu, na ɗaya ɓangaren da ƙofa a wangale. A yayyafa ruwa kafin shara don ƙura ta kwanta. Yara su sa rigar sanyi a kan yunifom, hedimasta ya halatta ko da launinta ya saɓa. Bayan kowane darasi a fitar da su minti biyar a buɗe komai. Fanka, inda akwai wuta, juya iskar ɗakin kawai take yi in tagogi na rufe.

In kin je, ki taɓa tagogin da hannunki. Da yawa na ƙarfe ne da tsatsa ta cinye maratayinsu, wasu an buga musu ƙusa ko an toshe da bulo saboda ɓarayi. Ki ƙirga nawa ke buɗuwa a kowane ɗaki ki kawo wa kwamiti adadin. Mai walda da ɗan baƙin mai suna iya gama ɗakuna 12 a yini biyu.